Za a sallamo ƙanena a riƙa bin sa har gida, mu yarda?

Yayarsa: Assalamu alaikum. Ƙanena shekararsa 27, likitoci sun ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Kwanciyarsa ta uku ke nan cikin shekara biyu, kuma kullum labarin ɗaya ne: a sallamo shi garau, bayan wata biyu ya ce ya warke, ya watsar da magani, muryoyin da yake ji a kansa su dawo. Yanzu satinsa biyar a asibiti. Likitarsa ta ce akwai tawagar da ke bin mara lafiya har gida sau uku a mako, su yi masa allura, su taya shi neman abin yi. Ranar Alhamis ake son amsarmu. Ni ina zuwa aiki, daga shi sai mahaifiyarmu a gida, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta sakat. Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah, in ciwon ya motsa da tsakar dare suna zuwa da gaske?

Ɗan Baiwa: Ku gaggauta kai shi asibiti, wannan ciwon ba a wasa da shi.

Yayarsa: Ai yana asibitin, malam.

Nas Mai Dare: 'Yar'uwa, tsarin ba sabo ba ne. A Madison ta jihar Wisconsin a Amurka aka fara shi farkon shekarun 1970, su Leonard Stein da Mary Ann Test, bayan sun ga wanda aka sallama yau shi ke dawowa gobe. Ana ce masa ACT, wato Assertive Community Treatment, jinyar da ake bin mara lafiya da ita har inda yake zaune. Na gasken yana da likitan ƙwaƙwalwa da nas da ma'aikacin walwala, ma'aikaci ɗaya ga majinyata kamar 10, kuma ana samun su dare da rana. Kada suna ya ruɗe ki. Ki tambaye su mutum nawa kowane ma'aikaci yake riƙe da su, kuma wa ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare.

Maman Biyu: Hmm. Ni da bakina na riƙa yabonsu. Wata takwas na farko kamar a mafarki. Akwai wani nas, in ɗana ya kulle kansa a ɗaki sai ya zauna a ƙasa bakin ƙofar, ya yi ta masa hirar ƙwallo ta ƙasan ƙofa har ya buɗe da kansa. Sai aka ce an faɗaɗa shirin. Faɗaɗawar ita ce an ƙara majinyata, ba a ƙara ma'aikata ba. Aka ɗauke nas ɗin, cikin shekara guda mutum huɗu suka canji juna, kowa ya zo sai na soma labari daga farko. Daren da ya toshe tagogi da barguna yana cewa ana leƙensa, na kira lambar sau tara, na'ura ce ke amsawa. Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Da ankwa aka fitar min da yaro, wuyan hannunsa ya tsage. Yau duk wanda ya rataya katin aiki a wuya ba ya buɗe masa ƙofa.

Ɗan Baiwa: Subhanallahi. Amma dai kyauta ne ko? Mu ba mu taɓa biyan ko sisi ba.

Maman Biyu: Zuwan ne kyauta. Allurar wata-wata mu muke saya.

Anti Shiru: Mu kuwa allurar ce kyauta, gwajin jini muke biya. Kuma ba wanda ya lissafa aikin da na ajiye don in zauna da mijina.

Mai Shan Magani: Ni ne mara lafiyar, shekarata shida tare da irin wannan tawaga. Yaya, an tambayi ƙanen naki kuwa? Ni ma na sha watsar da magani, ba taurin kai ba ne, jikina ne ke sandarewa, hannu na rawa, ko shayi ban iya kaiwa baki. A asibiti minti biyar ake ba ka, wa zai lura? Nas ɗin da ta zo gida ce ta ga yadda nake riƙe kofi. Aka mayar da ni kan wani magani, kilozafin, sai yawan gwajin jini saboda yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, ga dalalar miyau da dare. Amma rabona da gadon asibiti shekara huɗu.

Maman Biyu: Ɗana, kai da kake tsara rubutu haka ai naka mai sauƙi ne.

Mai Shan Magani: Mama, ba ki gan ni lokacin da nake kwana a tasha ba takalmi ba.

Nas Mai Dare: Ku biyun duk gaskiya kuke faɗa. Wani gwajin wannan tsari da aka yi a Landan, aka buga a 2006, bai ga raguwar kwanakin asibiti ba, sai dai majinyatan sun fi riƙe hulɗa da masu kula da su.

Maman Biyu: Ke ƙarfe bakwai kike miƙa aiki ki tafi gida. Ni wa zan miƙa wa?

Gwauro Na Ƙarshe: Ni fa in akwai masu zuwa gida sau uku a mako su taya mutum neman aiki, a rubuta sunana, ko da lafiyata ƙalau.

Mai Shan Magani: Sai ka fara miƙa ɗuwawu a tsira maka allurar tukuna.

Anti Shiru: Ni abin da ke ci min rai sirrin nan nasu ne. Su zo su tatsi labari a bakina, ya yi barci, ya ci abinci, ya yi faɗa. In na tambayi me aka canza a maganinsa sai a ce sirrin majinyaci ne.

Nas Mai Dare: In ya sa hannu ya yarda, za a faɗa miki.

Anti Shiru: Mutumin da yake ganin ni ke zuba masa guba, shi zai sa hannu?

Yayarsa: Na kira likitar. Ta ce mutum 18 ga kowane ma'aikaci, bayan takwas na dare kuma wayar sashen gaggawa take shiga. Ƙanena ya ce gida yake so. Ban faɗa wa mahaifiyarmu ba tukuna.

Anti Shiru: Kafin komai ki sa ya cike takardar yardar nan yanzu da yake cikin natsuwa. Ni sai da aka ninka wa mijina magani har wata biyu ban sani ba, a jikin kwalin na gani.