Taƙaitawa: yadda waya za ta taimaki ma'aurata masu neman haihuwa ta IVF

IVF hanya ce da likitoci ke ciro ƙwan mace su haɗa shi da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, sannan su dasa a mahaifa. Shawarar da aka fi nanata wa masu yin ta ita ce ta lokaci. Allurar ƙarshe mai nunar da ƙwai ana yin ta ne kimanin awa 36 kafin a ciro ƙwan, don haka miji da mata kowa ya saita ƙararrawa a wayarsa. Idan aka saɓa lokacin, ko a tarar ƙwan bai nuna ba, ko ya riga ya fita.

Manhajojin lissafin al'ada kuwa a ajiye su gefe. Hasashe suke yi, magani ya riga ya sauya lissafin.

Alluran da ake sa wa a firji suna son sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kada su daskare. Inda ake yawan ɗauke wuta, a tanadi kula da ƙanƙara.

Gwajin ciki a jira ranar da likita ya sa, domin ragowar allurar nan mai nunar da ƙwai kan nuna ciki alhali babu.