Zufa cikin dare da daukewar al'ada

Maman biyu, Tudun Wada: Salam yan uwa, shekarata 48, wata bakwai ban ga al'ada ba, ga zafi yana taso min daga kirji har fuska, cikin sanyin hunturun nan sai na jike zani da zufa, bacci ya gagara. Dan Allah ya zan yi?

Anti Samaru: Yaya, wannan daukewar al'ada ce, sinadarin jikin mata (homon) da ake kira estrogen ke raguwa, amma sai an cika wata 12 ba'a ga al'ada ba ake tabbatarwa. Kije asibitin koyarwa na Shika bangaren mata, akwai maganin homon, saidai ba'a bawa wadda ta taba kansar mama ko daskarewar jini.

Hajiya Kofar Doka: Ni na rage yaji da shayin dare, kayan auduga nake kwana dasu, naji dama dama.

Anti Samaru: Hajiya in jini ya dawo bayan shekara kuwa, asibiti kai tsaye.