Haidirofonik: "noman ruwa" ko "noman ba-ƙasa"?

1/ Jiya a Samaru ƙanena mai karatun aikin gona ya ce an sa shi ya yi wa masu lambu bayanin noman furen kirisantimam a girinhawus ta hanyar haidirofonik. Na ce yaro, kalma uku ka jero, babu wadda Baba na bakin kogin Galma zai ɗauka.

2/ Mu fara da mai wuyar, haidirofonik, wato raya shuka da ruwan taki ba tare da ƙasa ba. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ne ya yaɗa sunan haidirofonik a 1937, daga kalmomin Girkanci biyu, ruwa da aiki. Shi ya sa ake saurin cewa "noman ruwa". Ni ban yarda ba. Wane noma ne ba na ruwa ba? Ka faɗa wa mai noman rani haka, shinkafar fadama za ta faɗo masa a rai.

3/ Kuma ba kullum saiwar ke jiƙe cikin ruwa ba. Sau da yawa ɓuntun shinkafa ko ɓawon kwakwa ke riƙe ta, ana ɗiga mata ruwan da aka narkar da taki a ciki. Wanda ya tsiyaye a tara shi a sake ba ta. Ƙasa ce kaɗai aka cire. Don haka na ce noman ba-ƙasa.

4/ Wata malama ta ce "ba-ƙasa" ya yi mata kama da ɗan gudun hijira. Na yi dariya, Malama, amma "noma" da ke gaba ya raba gardama.

5/ Girinhawus kuwa, wato ɗakin gilashi ko leda da ake shuka a ciki, don Allah a bar fassara shi kai-tsaye da "koren gida", sai ka ce fenti. Rumfar shuka ta isa.

6/ Furen ne ya kayar da ni. Ma'anar sunan "furen zinariya", alhali akwai fari da ja. Halinsa ya fi launinsa: ba ya fure sai dare ya yi tsawo. A Zariya dare na kai wajen awa 12 duk shekara, sai ya yi fure tun yana gajere, dole a kunna masa fitila da dare har kara ya miƙe. Shi ya sa na so "mai-jiran-dare".

7/ Ƙanen nawa ya ce wannan sunan ɓarawo ne. Ya tafi da furen zinariya.