Da me ake auna ko ba da kwangilar gine-ginen gwamnati na tafiya daidai?

Abu Safiyya: Assalamu alaikum. Idan ma'aikata tana son sanin ko sashenta na ba da kwangila yana abin kirki, waɗanne alƙaluma za ta riƙa tarawa? Rahoton ƙarshen shekara kan ce an kashe kashi kaza na kasafi, amma wannan bai nuna ko ajin da aka gina zai ga damina biyu ba.

Injiniya Ɗanbatta: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da kuɗi uku a kan kowane aiki: ƙiyasin injiniya, kuɗin da aka ba da kwangilar, da abin da aka biya a ƙarshe. A ce ƙiyasi naira miliyan 100 ne, aka bayar a kan 70, aka ƙare a kan 120. To ba araha aka samu ba. Ɗan kwangila ya karya farashi ne don ya ci, daga baya ya dawo yana neman ƙarin kuɗi. Saboda haka a ƙirga sau nawa aka yi wa aiki ƙari, kuma a rubuta dalili: kuskuren zane ne, ko ba a gwada ƙasa ba kafin haƙa harsashi, ko tashin farashin siminti da rodi. Kowanne da mai laifinsa daban. Sannan wa'adi, wata nawa aka rubuta, wata nawa aka ci.

Hajiya Mai Lissafi: Injiniya, ka bar babban a baya: kwana nawa tsakanin miƙa takardar ƙimar aikin da aka yi da shigar kuɗi asusun ɗan kwangila. A Najeriya, dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayya da kwangilolin gwamnati, ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo kuɗin ruwa. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata shida zai kwashe leburori da injuna ya koma wani aikin, sai a rubuta shi ne ya gudu. In ba a ajiye wannan adadi kusa da na wa'adi ba, hukuncin zai faɗa kan wanda bai dace ba. A kuma bi sawun kuɗin kafin alƙalami: an karɓi takardar da banki ya tsaya wa ɗan kwangila a kansa? An cire shi daga biyan da suka biyo baya?

Malam Sanin Tasha: Ni ina duban gasa. Kamfani nawa suka nema, nawa aka zubar tun a tantancewar farko, kuma kashi nawa na ayyukan aka tallata a fili maimakon a miƙa kai tsaye da sunan gaggawa. Yawan masu nema kaɗai na ruɗi, domin mutum ɗaya kan shigo da kamfani uku. A duba sunayen daraktoci a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Injiniya Ɗanbatta: Gaskiyarki, Hajiya. Sai inganci: sakamakon gwajin ƙarfin kankare bayan kwana 28 ya shiga fayil, tare da jerin gyare-gyaren da aka yi kafin a saki kuɗin riƙo, wato kason da ake riƙe wa ɗan kwangila har a tabbatar aikin ba matsala.