Wa ke duba mana dabbobi in mun kai su asibiti a Jos?

Mai Mage, Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa kai mage ko kare asibitin dabbobi a nan Jos ku ba mu labari, su wa kuka tarar a wajen? Jiya na kai magena, kwana uku ba ta ci komai ba, mutum uku suka taɓa ta kuma kowa dokta ake ce masa. Har na dawo gida ban gane wanne ne likitan ba, abin ya tsaya min a rai.

Baban Biyu, Bukuru:
Wa'alaikumussalam hajiya. Inda nake kai karen gadinmu likita ɗaya ce tak, mace, a ABU Zariya ta yi shekara shida kafin ta fito. Sauran samari biyun difloma suka yi a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom. Ita ke duba dabba ta rubuta magani, ita ke tiyata, su kuma allura da ƙarin ruwa da wanke ciwo. Amma fa kar ki raina su. Lokacin da ɗan kwikwiyonmu ya kamu da cutar fabo, mai sa amai da zawo da jini, warin ma ba ka iya tsayawa kusa, ɗaya daga cikinsu ne ya aske masa gaban ƙafa ya lalubo jijiya siririya kamar zare ya sa ruwa, kuma shi ya kwana a kan benci yana canza leda har asuba. Karen na nan yanzu, shi ke hana mu barci.

Maman Yara, Anguwan Rogo:
Ni kam tambayar nan da na yi ta tun farko da ban rasa magena ba. Wani shagon maganin dabbobi na je, yaron shagon ya saka farar riga, na ɗauka likita ne wallahi, ya ce in ɓalla mata farasitamol in ba ta. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana numfashi sama-sama. Da muka isa asibiti likitan ya ce farasitamol guba ne ga mage ko ɗan kaɗan ne. Ba ta kai yamma ba. Yarana sun yi kuka ranar kamar me.

Ɗan Vom:
Allah Ya ba da haƙuri mama. Ni ma'aikacin irin asibitin ne, difloma gare ni, kuma in an ce min dokta ina gyarawa. Likita shi ne mai digirin likitan dabbobi, wato DVM, da rajista a majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, kuna da damar ku tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ni a ruga na tashi, shanu na sani, riƙon mage sai a wajen aiki na koya, hannuna duk shaidar farce ne. Wanda ya koya min kuwa wani dattijo ne mai shara a wajenmu, bai yi boko ba, amma in ya naɗe mage cikin tawul sai ta yi lamo kamar jaririya. Mu a Jos ai mun yi dace, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, masu ilimin ba su yi mana nisa ba.

Baban Biyu, Bukuru:
Ƙari ɗaya, in allurar haukan kare ce ku tsaya ku ga an ciro ta daga firiji, a kuma rubuta muku a kati. Daga wata uku ake farawa, sai duk shekara.

Mai Mage, Rikkos:
Na gode ƙwarai. Maman Yara Allah Ya mayar da alheri. Gobe ƙarfe tara za mu koma allura ta biyu, zan ce a nuna min likitan in ji daga bakinsa me ke damunta. Da safen nan dai ta ɗan lashi romon kifi.