Gane laimar kwaɗi ta hoto: me ido ke kamawa, me ke kuɓuce masa?

Mai Gonar Fadama: Assalamu alaikum. Ruwa ya zauna, laimar kwaɗi ta fito ko'ina, a bakin suri da kan juji da gindin itatuwa. Ana ta turo hotuna ana tambayar wacce ake ci. Masu sanin abin, yaya ake ɗaukar hoton da zai yi amfani?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin hotunan da ake turowa na saman hula ne kawai, kuma saman hula shi ne ya fi komai ruɗi. Hoto huɗu ake so. Na farko tana tsaye a inda ta tsiro, a ga ƙasar da abin da ke kewaye da ita. Na biyu ƙarƙashin hular, inda zara-zaran nan suke: farare ne ko masu launi, sun manne da kara ko akwai tazara. Na uku karan gaba ɗaya har gindi, kuma a nan ake yin kuskure. Kada a tsinke ta da hannu, a sa wuƙa a tono ta da ƙasarta, domin wasu masu kisa suna da ɗan ƙoƙo kamar jaka a gindi, wanda ke zama cikin ƙasa idan an fizge. Na huɗu a tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa, a jira minti biyar a ga ko naman ya sauya launi. A ajiye akwatin ashana a gefe don a san girmanta. A kashe filashin waya, a ɗauka a inuwa, in ba haka ba komai fari zai fito.

Mai Gonar Fadama: To wadda ke fitowa a suri fa? An ce duk ana ci.

Ɗan Gandun Daji: Ta suri ta gaskiya ita ce Tamitomaisis, gara ce ke noma ta a cikin gidanta, kuma ana cin ta a ƙasashen Afirka da dama. Alamarta biyu: tsini mai tauri a tsakiyar hula, da doguwar saiwa siririya da ta nutse har cikin surin. Amma fitowa kusa da suri ba shaida ba ce, ɗan'uwa, wata ma tana tsirowa a wurin. In hoton bai nuna saiwar ba, ba a ce komai ba tukuna.

Ɗaya daga cikin masu kayar da mutane a ƙasashe masu zafi ita ce Kulorofilum, babba, fara, mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a wuyan kara, tana son fili mai ciyawa. Tana ƙarama zara-zaranta farare ne tas, sai ta manyanta suke komawa kore-kore. Wato hoton ƙaramar ba zai tona ta ba.

Malamar Kimiyya: Shi ya sa ake gwajin ƙurar iri. A yanke hular wadda ta buɗe, a kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi, a bar ta ta kwana. Da safe za a ga ƙura ta zuba. Ta Kulorofilum kore ce, ta suri ja-ja mai haske, ta dangin Amanita, waɗanda a cikinsu ake samun masu kisa, fara. Hular da ta bushe ko wadda ba ta buɗe ba ba ta zubar da komai. Kuma a ɗauko ta a takarda, ban da leda, domin gumi take yi ta ruɓe.

Ma'aikacin Jinya: Hajiya ta gama magana kan hoto, bari in ƙara na asibiti. Kulorofilum tana kawo amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3, tana wahalarwa amma galibi ana tashi. Wadda ta yi shiru awa 6 zuwa 24 kafin ciwo ya fara ita ce abin tsoro, haka dafin Amanita mai kisa yake. Mutum ya yi amai, washegari ya ji sauƙi, a ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Bayan kwana uku zuwa biyar sai shawara ta bayyana a ido. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, shanyawa ma haka. Manja da madara ba makari ba ne. A tafi asibiti da ragowar ɗanyar da hotunan, a faɗi lokacin da aka ci.

Ɗan Gandun Daji: Manhajojin waya irin su Google Lens kamanni kawai suke haɗawa, ba sa jin wari, ba sa ganin abin da ke cikin ƙasa. Sunan da suka bayar mafarin bincike ne. Haka zancen wai in akuya ko kwari sun ci to lafiya lau, ba gaskiya ba ne.

Mai Gonar Fadama: Na gode. Wadda ke bayan gonata tana da zobe, ba ta da saiwa. Zan kifa hular yau da dare, gobe in turo hoton takardar.

Malamar Kimiyya: Allah ya kai mu. Kafin nan a ɗauke ta daga inda yara ke wasa.