Neman shawara: wata ƙungiya daga Amurka na son haɗa kai da mu

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Muna da 'yar ƙungiyar matasa a nan Kaduna, Musulmi da Kirista, muna zagaya makarantu muna wa'azin zaman lafiya, to sai ga wata ƙungiya daga Amurka ta turo saƙo wai ita ma aikinta kenan, girmama addinin kowa da 'yancin ɗan Adam, za ta turo mana littattafai da bidiyo kyauta mu raba wa ɗalibai. Na buɗe samfurin da suka turo, takarda mai sheƙi har da hotunan yara, amma can ƙasa a bangon baya da ƙananan haruffa na ga sunan L. Ron Hubbard. Wane ne shi? Mu karɓa?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa wannan ai shi ya kafa Scientology, wata ƙungiyar addini ta Amurka, cocinsu na farko a Los Angeles aka buɗe a 1954. Suna da ƙungiyoyi da yawa da ba sa ɗauke da sunan, irin su Youth for Human Rights da wata mabiyarsu ta kafa a 2001. Abin da ke cikin littafin ba lallai ya zama mummuna ba, matsalar su waye a baya kuma me za su yi da hotunanku da sunayen yaran mutane.

Maman Hanifa: Ni a Faransa nake, a 2009 kotu a Paris ta samu reshen Scientology na nan da laifin damfara, suka ɗaukaka ƙara har sama, 2013 aka tabbatar da hukuncin. Ƙanena kar ka kai wannan makaranta iyaye ba su sani ba wallahi.

Bulus: Abin da ya fi ɗaure min kai labarin Cult Awareness Network ne, ƙungiyar da iyaye ke kira in ɗansu ya faɗa hannun irin waɗannan, aka yi ta maka ta a kotu har ta karye a 1996, sai wani lauya ɗan Scientology ya saye sunanta da lambar wayarta, uwa ta kira tana kuka ashe su ne ke ɗauka. Malam ka tambaye su kai tsaye a rubuce, wa ke ba ku kuɗi?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yau da daddare zan tura musu tambayar, kuma ranar Asabar zan kai samfurin wa limaminmu da faston su Bulus su duba kafin mu ce komai.